Agogon ƙirga taku da rage tumbi: yadda za ka ci moriyarshi ba tare da ya ruɗe ka ba

Agogunan nan masu ƙirga taku sun cika Yamai yanzu, in ka bi ta Stade Seyni Kountché da sassahe ko bayan la'asar za ka ga alhazai da hajiyoyi da samari ana zagaye, kowa ɗan baƙin abu a hannu, a yi taku goma a ɗaga hannu a duba. Da yawa don rage ƙiba sunka saye shi, to amma sai a yi wata uku balans bai motsa ba, tumbi na nan inda yake, sai a ce ai kayan banza ne a jefa shi cikin tiruwar ko a ba yara su yi wasa. Ni a ganina ba agogon ke da laihi ba, aikin da ba nashi ba ne ake ɗora mishi. Akwai abin da ya iya ƙwarai, akwai abin da kintace kawai yake yi, akwai kuma abin da bai san da shi ba sam, wato abin da ke shiga bakinka. In ka rarrabe ukun nan to kuɗɗinka ba su tahi banza ba.

Cikin agogon akwai ɗan na'ura mai jin motsin hannu, ita ke ƙirga taku, sannan wannan koren hasken da ke walƙiya a bayanshi shina haska fata ne ya ga yadda jini ke kai da komo, da haka yake gane bugun zuciya. Waɗannan biyun ba laihi. Amma lambar kalori da yake nuna maka, wato ƙarhin da jikinka ya kashe, wadda kowa ya hi so ya duba, ba awo ba ce, lissahi ne yake haɗawa daga shekarunka da nauyinka da tsawonka da motsin da ya ji. A 2017 masu bincike na jami'ar Stanford a Amurka sun gwada agoguna iri 7 a jikin mutum 60, ciki har da Apple Watch da Fitbit, a bugun zuciya 6 daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a kalori wanda ya hi su iyawa ma ya kauce da kashi 27, na ƙarshe kuwa da kashi 93. Agogunan yanzu an gyara su kam, amma har yau kalori kintace ne. Ke nan in ya ce ka ƙone 500 yau, ƙila 350 ne ƙila 600, kada ka gina komi a kan wannan lambar.

Wani binciken ma ya hi wannan ban mamaki. A jami'ar Pittsburgh an ɗauki matasa masu ƙiba wajen 470, ƴan shekara 18 zuwa 35, duka anka sa su rejim da motsa jiki, daga baya anka ba rabi na'urar ɗaurawa a hannu, rabi kuwa ba a ba su ba, da sakamako ya hito a 2016 bayan shekara 2 sai ga masu na'ura sun rage kilo 3.5, marasa na'ura kilo 5.9. I, waɗanda ba su da ita sun hi ragewa. Ba wai na'urar ke sa ƙiba ba, amma ya nuna ɗaura abu a hannu kaɗai ba ya narkar da kitse. A ɗaya ɓangaren kuma a 2022 wasu masana na Ostareliya sun tattara bincike masu ɗimbin yawa sunka ga masu sa agogo na ƙara taku wajen 1,800 a yini, tahiya ta ƙaru da wajen minti 40, nauyi kuwa abin da ke raguwa wajen kilo 1 ne. To ga gaskiyar abin nan: shina tada kai daga kujera, wannan ya iya, sauran aikin a kwano yake.

Maganar saye ba zan daɗe kanta ba. Ba sai mai tsada ba, ɗan siririn nan na Xiaomi ko Huawei Band ko Galaxy Fit ko Oraimo duk sun isa, kuma ni na hi son su a nan don batirinsu na kai sati ɗaya zuwa biyu, ka san halin kuran lokacin zahi, agogon da sai an sa shi sharji kullum da dare kamar Apple Watch in ba ka da tsari rabin kwanakinshi a mace zai yi su, ga shi kuma sai da iPhone yake aiki. Abin da za ka kiyaye shi ne na jabu, waɗanda ake zubawa a tire a kasuwa da kwali mai ƙyalli babu sunan kamfani na ƙwarai. Gwajinsu da sauƙi, tun a gaban mai sayarwa ka aje shi bisa tebur ka danna awon zuciya, in ya ba tebur bugun zuciya 78 ka mayar mishi da kayanshi. Wanda kuma anka ce maka shina auna sukarin jini ba tare da huda yatsa ba, kada ka yarda, hukumar magunguna ta Amurka FDA ta yi gargaɗi a kan wannan a 2024 ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba, mai diyabet da ya dogara da irin wannan lambar ya sha magani ko ya bari da ranshi yake wasa. Na tansiyo ma kada ka dogara da shi, ka je farmasi ko likita a sa maka na dantse. Ka duba kuma an rubuta 5 ATM ko IP68, alamar shina jure ruwa, don alwala sau biyar a yini ba wasa ba ce ga agogon da ba ya son ruwa.

In ka kawo shi gida ka sa aplikasiyonshi a telefon, to nan ne mutane ke fara yi ma kansu zamba, a tambaye ka nauyi ka sa na lokacin aurenka. Ka hau balans ka sa na gaskiya, da tsawo da shekaru na gaskiya, kuma duk lokacin da ka rage kilo 2 ko 3 ka koma ka gyara. Ka gaya mishi hannun da kake ɗaurawa, ya hi kyau hannun da ba ka yawan aiki da shi, ga mahi yawanmu hagu. Kada ya zauna bisa ƙashin wuyan hannu, ka tura shi sama kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ya kama fata ba ya lilo amma ba matsewar da za ta bar shaida ba, in shina lilo haske na shiga ta ƙarƙashi sai ya dinga ba ka lambobin hauka. Da zahi gumi da ƙura na taruwa ƙarƙashin robar har fata ta yi ƙuraje, in ka kwance don alwala ka ɗauraye shi ka bari wurin ya bushe kahin ka mayar.

Sai ka gwada shi, ka yi taku 100 kana ƙirgawa da bakinka ka ga me ya ce, in ya ba ka 95 ko 104 ba komi. Inda yake ruɗewa shi ne motsin hannun da ba tahiya ba. Ka hau kabu-kabu ko motonka ka bi hanyar latarit mai ramu cikin unguwa, ka sauka ka iske an ƙara maka taku ɗari-ɗari alhali ko ƙasa ba ka taka ba. Mata masu daka ko wanki ko tuƙin tuwo su ma haka, tabarya na hawa na sauka agogo na ta murna shina ƙirgawa (daka dai aiki ne na gaske, gumi ake yi, amma ba taku ba ne). Akasin haka kuma in kana tura baro ko ka riƙe kaya hannun bai motsi sai ya rage maka. Maganin abin shi ne ka san ranakunka, in za ka yi doguwar tahiya a moto ka duba lamba kahin ka hau da bayan ka sauka ka cire bambancin a ranka, shi ke nan.

Satin farko kada ka canza komi. Wannan shi ne abin da mutane ba su da haƙurin yi kuma shi ya hi komi amfani. Ka ɗaura shi ka yi rayuwarka yadda ka saba, biro, butik, fada, masallaci, gida, bayan kwana bakwai ka duba matsakaicin takunka. Ma'aikacin da ke hita gida ya shiga mota, ya sauka ƙofar biro, ya zauna cikin klim har yamma, ya koma ya zauna fada har dare, kada ya yi mamaki in ya ga 3,000 ko ƙasa da haka, alhali in ka tambaye shi sai ya ce wallahi yini nake ina kai da kawo. Wannan lambar ita ce mafarinka, a kanta za ka ƙara 1,000 zuwa 1,500, ka riƙe sati biyu har ya zama jiki, sannan ka sake ƙarawa. Ka shiga aplikasiyon ka canza burin da kanka, don yawancinsu da 8,000 ko 10,000 suke zuwa, mai taku 3,000 in ya ce gobe sai 10,000 kwana huɗu zai yi gwiwa ta kumbura ya zauna, daga nan kuma an gama.

Ita 10,000 ɗin ma ba daga likita ta hito ba. Wani kamfanin Japan ne mai suna Yamasa ya hiddo na'urar ƙirga taku a 1965, bayan wasannin Olimpik na Tokyo na 1964, ya sa mata suna mai nuna taku dubu goma don talla, lamba ta yi daɗin faɗi duniya ta ɗauka. Da anka zo anka bincika, a 2019 wata farfesa ta Harvard, I-Min Lee, ta bi tsofaffin mata sama da 16,000 ta ga masu taku wajen 4,400 a yini mutuwa ta hi ƙaranci cikinsu bisa ga masu 2,700, amfanin na ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Wani babban nazari na 2022 ya nuna ga wanda ya wuce shekara 60 taku 6,000 zuwa 8,000 ne wurin da amfanin ke tsayawa, ga na ƙasa da haka 8,000 zuwa 10,000. Wannan fa maganar tsawon rai da lahiya ce ba ta kilo ba, amma dai ta isa ta nuna ma baba ko inna cewa 7,000 ba faɗuwa ba ce.

To ina za a samo takun a garin da rana ke kai digiri 40 da wani abu a Afrilu da Mayu? Ba da tsakar rana ba dai, wannan neman ciwo ne. Lokaci biyu gare mu, bayan sallar asuba kahin rana ta ɗaga, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i. Kilomita ɗaya wajen taku 1,300 ne zuwa 1,400 gwargwadon tsawon ƙafarka, ke nan minti 30 na tahiya mai ɗan sauri na ba ka 3,000 ko sama. Wanda ke kusa da stade ya huta, na Yantala da Gamkalle ga bakin gulbi nan da iska mai sanyi, ɗaliban Abdou Moumouni da mutanen Harobanda kuwa gadar Kennedy kaɗai wajen mita 700 ce, zuwa da dawowa ka kusa 2,000. Amma ni abin da na ga ya hi ɗorewa ba wannan hitar ta musamman da kayan spor ba ce, ƙananan nan ne da ke shiga cikin yini ba ka sani ba. Masallacin da ke nesa kaɗan maimakon na ƙofar gida, in minti biyar ne zuwa biyar dawowa sau biyar a yini ka ga minti 50 ke nan. Taksi ya aje ka bakin gudro ka ƙarasa da ƙafa. Aiken burodi ko kati da kake tura yaro ka tashi da kanka. In ana kiranka a telefon ka tashi kana zagaya tsakar gida kana magana, mu da kiranmu ba ya ƙarewa gaisuwa kaɗai minti uku. Hajiya da ba ta son hita titi, tsakar gida ta isa, ko ku haɗu ku uku huɗu da maƙwabta bayan magariba, da hijabinku da komi, takalmi dai ya zama mai taushi mai rufe ƙafa ba silifas ba. Yawancin agogunan na da ɗan girgiza da ke tuna maka in ka yi awa ɗaya zaune, ka bar shi kunne, in ya motsa ka tashi ko minti biyu ne. Lokacin hunturu in ƙura ta yi yawa mai asma ya rufe hanci ko ya yi tahiyarshi cikin gida.

Bayan yawan taku sai saurinshi, don tahiyar ganin gari da tahiyar da ke sa zuciya aiki ba ɗaya ba ne. Hukumar lahiya ta duniya OMS ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka, mai son rage nauyi kuwa can wajen 300 ɗin zai nufa. Matsakaici a tahiya shi ne wajen taku 100 a minti, ka duba agogo ka yi minti ɗaya ka gani. Ko ka bi ta zuciya, ka cire shekarunka daga 220, mai shekara 40 ya samu 180, wato iyakar bugun zuciyarshi a minti, to in shina tahiya bugun ya zauna wajen 115 zuwa 135, wato wajen kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na wannan iyakar, ya yi daidai. Lissahin nan kintace ne shi ma, wanda ya hi shi sauƙi shi ne bakinka: kana iya hira da na kusa da kai amma ba ka iya rera waƙa, to kana wurin. In za ka hita ka danna mishi cewa tahiya za ka fara, don a lokacin ne yake bin zuciya a kai a kai. Wani wuri kuma da za ka gani an rubuta wai yankin ƙona kitse, mutane na rage sauri don kada su hita daga cikinshi, ka manta da shi, abin da jiki ya kashe gaba ɗaya a yini da sati shi ke da magana. Ka lura kuma da zahi zuciya na bugawa da sauri ko ba ka yi wani aiki ba, balle in ba ka sha ruwa ba, sai agogo ya zaci ƙoƙari ne ya ƙara maka kalorin da ba ka ƙone ba.

Yanzu ga inda maganar take. Kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne. Mutum mai kilo 80 in ya taka kilomita 5, kusan awa ɗaya ke nan shina gumi, abin da zai kashe bai wuce 250 zuwa 300 ba. Kwalbar soda ɗaya ta santilita 33 tana da kalori wajen 140 da sukari giram 35. Ka dawo daga stade maƙogwaro ya bushe ka sha biyu masu sanyi, awa ɗayan nan ta tahi. Cokalin mai babba ɗaya wajen 120 ne, yanzu ka tuna yadda ake kwarara mai a dambu ko shinkafa da wake, ko omlet ɗin mai shayi da ake soyawa cikin mai a tsaga burodi a shafa mayonez a bi da kofin madara mai zaƙi. Ƙwayar sukari ɗaya wajen 20, shayin fada kuwa zagaye uku ne kowane da nashi, wani ma safe da yamma da dare. OMS cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, in an samu 25 ya hi. Agogonka duk bai ga wannan ba. Kamar mai butik ne da ke rubuta kayan da sunka hita bai rubuta waɗanda sunka shigo, ƙarshen wata ya ce lissahi ya ƙi.

Saboda haka doka ɗaya nake so ka riƙe ko ka manta sauran: kada ka ci kalorin da agogo ya ce ka ƙone. Wasu aplikasiyo har ce maka suke yi yau ka samu ƙarin 400 kana iya ci, ka kashe wannan. Ka ci abincinka bisa tsarin da ka sa ma kanka ko ka yi tahiya ko ba ka yi ba. Ba kuma sai ka bar abincin gida ka koma salati da tuffa ba, rejim ɗin da mutum ke dafa nashi daban cikin gida mai mutum goma ba ya wuce sati biyu. Tuwonka na hatsi ka ci amma malmala ɗaya maimakon biyu, miya da ganye su yi yawa, dambu a cika zogale a rage mai, kopto ma abinci ne mai kyau in ba a cika ƙuli da mai ba, wake na riƙe ciki, kihi ko nama gasasshe ya hi soyayye, hura da nono a sha amma ba tare da an zuba sukari ludayi guda ba kuma a san cewa abinci ce ba ruwa ba, kada a ci tuwo a bi da ita. Bisap da lemun haɗi na gida su ma sukari ne cike, a rage. In ka cire wajen kalori 500 a yini tsakanin kwano da ƙafa, rabin kilo ke nan a sati a farkon tahiya, daga baya abin na yin sanyi, kuma haka ake so, mai zubar da kilo 5 a sati ɗaya ruwa ne ya zubar.

Aplikasiyon rubuta abinci kuwa yawancinsu ba su san dambu ba balle fankasu, in ka tsaya neman kalorin kowace loma za ka gaji. Ka ɗauki hoton duk abin da za ka ci ko sha na sati ɗaya kawai, har ƴar gyaɗar nan da farin masa da tsiren dare, ranar hutu ka zauna ka duba. Mutum da kanshi zai ga inda ɓarnar take, sau da yawa ba a babban abinci take ba.

Akwai kuma wata dabara ta jiki da ya kamata ka sani, in ka ƙara motsi shina neman inda zai rage kashewa, yunwa ta ƙaru, ka yi tahiyar sahe sai ka yini kwance kana jin ai na yi nawa. Herman Pontzer da abokan aikinshi sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna yawo a daji, a 2012 sunka bayyana cewa abin da jikinsu ke kashewa a yini in an yi la'akari da girman jiki bai wuce na mutanen birni na Amurka da Turai ba. A nan agogo na da rana, don shi zai tona maka asiri, ka duba jimillar yini ba ta spor kaɗai ba, in ka ga ranar da ka je stade da ranar da ba ka je ba takun kusan ɗaya ne to ka san zama ya cinye.

Ka kwana da shi a hannu. Rabe-raben da yake yi na barci mai nauyi da mara nauyi kada ka ɗauke su da zahi, amma ƙarhe nawa ka kwanta da awa nawa ka samu wannan shina kusa da gaskiya. Mu nan hira sai ƙarhe ɗayan dare, ga TikTok, ga zahi da sauro in kuran ya tahi, asuba kuma ba ta jira, sai ka ga mutum awa biyar yake samu. Ƙarancin barci na buɗe ciki, kwaɗayin zaƙi da maiƙo ya tashi. A Chicago a 2022 an taimaka ma masu ƙiba da ba su kai awa shidda da rabi sunka ƙara barci da awa ɗaya da ɗan wani abu, sai cinsu ya ragu da kalori wajen 270 a yini ba tare da an ce musu su rage ba. Ka nemi awa 7, in dare bai ba ka ba ka cika da ƙailula, shayin dare mai ƙarhi kuma a rage shi. Bugun zuciyarka na hutu ma ka dinga leƙawa, na babba tsakanin 60 ne da 100, in kana tahiya a kai a kai za ka ga shina sauka sannu-sannu cikin watanni tun kahin balans ta ce komi, in kuma ya tashi haka kawai kwana biyu uku to gajiya ce ko rashin ruwa ko zazzaɓi na tahe.

Agogo ba ya auna nauyi, sai ka haɗa shi da balans da mitar tela. Awo da sahe bayan ka zaga kahin ka ci komi, balans ɗaya, bisa siminti ba bisa tabarma ko yashi ba. Nauyi na hawa da sauka kilo 1 har 2 tsakanin yini da yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki, mata kuma lokacin al'ada, don haka kada na yau ya tada maka hankali, na sati da sati za ka kwatanta. Ƙugu kuwa ka auna shi wajen cibiya sau biyu a wata, abin da ake so kada ya kai rabin tsawonka, mai santimita 170 ƙugunshi ya zama ƙasa da 85. Wani lokaci balans ta tsaya amma wando na sakewa, wannan ci gaba ne. In sati uku sun wuce ba kilo ba ƙugu, takunka kuma agogo ya shaida shina nan, to ba sai ka tambayi kowa ba, kwano za ka koma ma.

Kwana biyun nan na ƙarfafa tsoka kada a raina su don agogo ba ya ba su lamba mai yawa, tsugunne-tashi, pompo, ɗaga bidon ruwa, minti 20 sun isa, su ke sa abin da ke zubewa ya zama kitse ba tsoka ba. Da azumi kuma ka sauke burin takun, ka mayar da tahiyar bayan buɗa baki ko bayan asham, ka san kuma mutane da yawa ƙara nauyi suke yi a watan saboda soye-soye da kayan zaƙin shan ruwa. Mai diyabet da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke sauke sukari, da mai ciwon zuciya, da mai ciki, su ga likita kahin su fara, mai shan maganin tansiyo irin atenolol kuma ya san maganin na rage bugun zuciya, lissahin 220 ɗin nan ba nashi ba ne, ya bi gwajin hira. Ciwon ƙirji ko jiri ko lumfashi ya ƙi, a tsaya nan take ko agogo na cewa saura taku 200.

Sai maganar mutane, don a nan in ka fara ramewa tambaya za ta taso, lahiya kuwa alhaji, ko madam ba ta ba ka abinci, hajiya kuma a ce mata ko miji ya yi mata kishiya ne. Amsa ɗaya ta isa, likita ya ce in rage, ba mai ja da wannan. In kana da aboki ko ƴar uwa mai agogo ku dinga tura ma juna jimillar sati a WhatsApp, ta sati fa ba ta kullum ba, don ranar biki ko rashin lahiya ko ruwan sama ba ta ɓata komi in sauran kwanakin sun cika. Saƙonnin WhatsApp da Facebook da ke shigowa bisa agogon kuwa ka kashe su, batiri suke ci, ka bar kira da ƙararrawar tashi da mai tuna maka ka miƙe. Sharji kuma ka sa mishi rana ɗaya tsayayya, misali Juma'a lokacin da kake wanka kana shirin masallaci, in ka hito ka ɗaura abinka.